SHANUN ONARABUL NA CIKIN SHINGE, NA TALAKA NA HANNUN ƁARAYI



Ranar Juma'a 8 ga watan Nuwamba na shekarar 2024, 'yan bindigar nan da ake ce wa Lakurawa suka dira garin Mera da ke ƙaramar hukumar Augie a masarautar Argungu, suka kora shanun mutane suka nufi daji da su. Mutanen gari suka ce ba ta saɓuwa, suka yi gayya suka bi sawu da ɗan abin da suke da shi a hannu. Kafin ƙura ta lafa an rasa rayuka 15. Allah Ya jiƙansu da rahama, Ya ba iyalansu haƙuri.

Ɗan birni da ya ji labarin a rediyo yana iya cewa wane irin ganganci ne mutum ya bi mai bindiga a kan dabba? Amma kai ɗan uwa mai karatu da ka tashi a bakin gulbin nan ka san ba a kan dabba kawai aka mutu ba. Saniyar nan ita ce bankin gidan. Ita ce sadakin yaro, ita ce kayan ɗakin yarinya, ita ce kuɗin asibiti ranar da haihuwa ta zo da gardama, bijiman huɗar nan biyu kuwa su ne motar noman gidan. Wanda aka kore wa garke an kore masa wahalar shekara ashirin ne a yini guda. To tambayar da nake so mu yi wa kanmu a yau ita ce, wa ke wakiltar wannan saniya da mai ita a Birnin Kebbi?

Ba wai babu kujerar ba ne. Majalisar Dokokin jihar Kebbi tana da kujeru 24. Kowace ƙaramar hukuma daga cikin 21 da muke da su tana da wakili guda, in ban da Birnin Kebbi da Bagudo da Danko/Wasagu da suke da bibbiyu. Augie na da nata, Argungu na da nata, haka Arewa da Dandi da Bunza da Suru. Wato in ka duba da kyau majalisa ce ta mutanen karkara, ƙuri'un manoma da makiyaya da masunta ne suka cika ta. Kuma da wuya ka sami wanda ya zauna a cikinta bai san ƙahon sa ba, don ko bai gaji shanu ba, to ya saya bayan ya shiga.

Kowa a cikinmu ya san irin mutumin da nake nufi, ko da sunansa ya bambanta daga mazaɓa zuwa mazaɓa. Ɗan ƙauye ne kamar kowa. Wataƙila malamin firamare ne da, ko dillali a kara, ko ɗan gidan mai gari. Ya fara da kansila, daga nan ya riƙe wani muƙami a ƙaramar hukuma, sai wani ubangida a jam'iyya ya ga yana da jama'a ya ɗaga hannunsa. Ya sayar da bijimai ya sayi fom ya buga fasta, ya bi tunga-tunga da ruga-ruga yana rantsuwa cewa shi nasu ne, ya san ciwonsu domin shi ma da sanda ya tashi. Aka yarda aka zaɓe shi. Shekarar farko sai ka ji ya kama gida a Gesse, ƙauye kuma sai ranar Sallah ko ta'aziyya. Shekara ta biyu sai ga fili an kewaye da waya a bakin hanya, an haƙa rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, an zuba bokoloji masu sheƙi da wasu 'yan aure da na ƙasar waje, ga makiyayi na albashi, ga likitan dabbobi na zuwa da mota. Shekara ta uku ta rabon kaya ce: babura, injin ban-ruwa, buhunan taki da hotonsa a jiki. Ta huɗu kuwa kokawar tikiti ce, ko dai ya koma ko ya hango Abuja. In ya faɗi ma a kan garkensa ya faɗi, ya zauna yana jiran a kira shi kwamishina ko mai ba gwamna shawara.

Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba, kuma kada wani ya ce hassada ce ke magana. Kiwo halal ne, sana'ar Annabawa ce, wanda ya tara shanu da guminsa Allah Ya ƙara masa. Hasali ma da a ce abubuwa na tafiya daidai, ɗan majalisa mai shanu shi ya fi cancanta ya yi maganar shanu, tunda mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shi ya san kuɗin buhun dusa da na angurya a watan bazara, ya san abin da ciwon huhu ke yi wa garke, ya san yadda ciwon hanta ke cin dabbar da ke kiwo a fadama. Matsalar tana ga wayar nan da ya kewaye gonarsa da ita. Daga ranar da aka ɗaura ta, makomar shanunsa ta rabu da ta shanun waɗanda suka zaɓe shi. Nasa ba sa bukatar burtali, don ba inda za su. Ba sa bukatar mashaya, ruwa na zuwa musu a famfo. In an toshe hanyar gulbi ba zai ji a jikinsa ba, sai dai ya ji a bakin mutane, shi ma in sun sami ganinsa.

Hanyar gulbin kuwa tana toshewa, kuma ya kamata mu fahimci yadda abin ya faru, don kada mu tsaya a kan zagin Bafulatani ko zagin manomi. A da, fadamar Rima tun daga Augie, ta Argungu, ta gangaro Birnin Kebbi har zuwa Bunza, tana da masu ita kashi-kashi bisa lokaci. Da damina ruwa ya malale ta, mai shinkafa ya yi nomansa, makiyayi ya hau tudu. In an yi girbi ruwa ya janye, sai shanu su sauko su ci ragowar gona da ɗanyar ciyawar bakin ruwa har rani ya fita, su bar wa gonar taki. Masunci ma yana da nasa lokacin. Ba a rasa saɓani ba, amma kowa ya san ranar shigarsa da ranar fitarsa, kuma mai gari da arɗo sun isa su kashe magana.

Injin ban-ruwa ne ya canza wannan lissafi. Tun daga shirin Fadama na Bankin Duniya da aka fara a 1993 ƙananan injuna da rijiyoyin bututu suka yawaita, noman rani ya kankama. Sai kuma a watan Nuwamba na 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya zo nan Birnin Kebbi ya ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance na Babban Banki, aka shiga yayin shinkafar da Kebbi ta yi haɗin gwiwa da Legas a kanta, ga kamfanin Labana a Birnin Kebbi, ga na WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017. Fadama ta yi daraja, inda duk ruwa ke kusa ya zama gona rani da damina. Babu mai hankalin da zai ce noman shinkafa laifi ne, da yawanmu da shi aka biya mana kuɗin makaranta. Amma lokacin da ake ta lissafin buhu nawa za a samu, wa ya tashi ya tambaya ta ina saniya za ta bi ta sha ruwa a watan Maris? Makiyayi ya sauko inda kakansa ke saukowa ya tarar da kore shar har bakin ruwa, babu ko tafin ƙafa na hanya. In ya juya dabba ta mutu, in ya kutsa ya ci amanar wani talaka ɗan uwansa da ya ci bashi ya yi shuka. Daga nan sai sanda, sai adda, sai ofishin 'yan sanda, inda kowannensu zai sayar da abin da ya mallaka kafin ya fito.

Wannan fa aikin majalisar jiha ne tsantsa, kada wani ya ruɗe ka da cewa sai Abuja. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyayu tun 1965, kuma ana lissafa makiyayu wajen 415 a faɗin ƙasar nan, waɗanda aka tabbatar da su a gazet ba su kai rabi ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamnanta, ta kuma ba ƙaramar hukuma ikon ba mutum fili a karkara har hekta 500 don noma, ko hekta 5,000 don kiwo, ba tare da sai ta nemi yardar gwamna ba. Ɗan uwa, sake karanta wannan adadi. Sa'annan ka tambayi kanka, tsakanin mai shanu goma sha biyar da ke ruga da wanda ke shan shayi da shugaban ƙaramar hukuma, wa ya san da wannan ƙofa, wa kuma yake da takalmin shigarta? Kullum ana ce wa makiyayi ya daina yawo ya killace dabbobinsa kamar yadda ake yi a ƙasashen da suka ci gaba. Da wane fili? Da wace rijiya? Killacewa ta mai takardar fili ce da jarin sayen abinci wata bakwai na rani. In ba a yi hattara ba, kiwon zamani da ake ta yi mana waƙarsa zai ƙare ne a kan a yanka makiyayar kowa da kowa a ba mutum ɗaya.

Ba hasashe nake yi ba, maƙwabtanmu sun riga mu gani. A Zamfara, bayan 1999, an yi ta yanka dazuzzuka da makiyayu ana raba wa masu hannu da shuni da 'yan siyasa a matsayin gonaki, har sai da gwamnatin Bello Matawalle ta ba da sanarwar soke irin wannan rabo a 2019, shekarar da kwamitin tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda M.D. Abubakar ya binciki musabbabin ta'addancin jihar. Amma ihu ne bayan hari, don a lokacin waɗanda aka kora daga makiyayun wasunsu sun riga sun ajiye sanda sun ɗauki abin da ya fi sanda, kuma wutar ta tsallako mana ta ƙasar Zuru. A ɗaya ɓangaren, Jigawa a zamanin Sule Lamido ta bi burtalolinta da makiyayunta ta shata su, ta kafa hukumar sasanta manoma da makiyaya, aka kuma ga sauƙin rikici. Can Binuwai kuwa majalisar jiha ce ta zauna a 2017 ta yi dokar hana kiwon sake, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Nuwamba na shekarar. Ko ka so dokar ko ka ƙi ta, ta nuna maka abu guda: 'yan majalisar can sun san maganar ƙasa da dabba a hannunsu take, sun kuma yi abin da masu zaɓensu suka aike su.

Waɗanda suka zauna gaban malam a cikinmu za su tuna labarin da Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa game da Halifa Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Ya ƙara masa yarda, lokacin da ya naɗa wani bawansa mai suna Hunayyu ya kula da makiyayar da hukuma ta keɓe. Ya umarce shi da ya bar mai 'yan raƙuma kaɗan da mai 'yan tumaki kaɗan su shiga, amma ya yi hattara da garken Ibnu Aufin da na Ibnu Affan, manyan attajirai kuma manyan sahabbai. Dalilinsa shi ne, su in dabbobinsu sun halaka suna da gonaki da dabino da za su koma wa, shi kuwa talaka in nasa suka halaka, ƙofar Halifa zai zo da 'ya'yansa yana kuka. Dubi wannan ma'auni, sa'annan ka dubi namu, inda mai babban garke shi ke da takarda da hatimi, mai ƙaramin garke kuma shi ne baƙo a dajin da aka binne cibiyarsa.

Za a ce mana ai majalisar jiha ba ta da haƙora, gwamna ne komai. Tana da su, sai dai a duba wa take cizo. A tsohuwar jihar Kaduna, marigayi Alhaji Balarabe Musa na jam'iyyar PRP ya hau mulki a 1979 ya soke haraji da jangali, wato kuɗin da ake karɓa a kan kowane kan saniya, irin jangalin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya lissafa cikin zaluncin sarakunan zamaninsa a littafin Kitabul Farƙ. Majalisar jihar, wadda NPN ke da rinjaye a cikinta ƙarƙashin Kakaki Alhaji Mamman Abubakar Ɗanmusa, ta ƙi amince masa da kwamishinoni, daga bisani ta tsige shi ranar 23 ga Yuni, 1981, gwamnan farar hula na farko da aka yi wa haka a ƙasar nan. Da yawan waɗanda suka ɗaga hannu ranar nan wakilan ƙauyuka ne. Shi Kakakin ya wuce Majalisar Dattawa a 1983. Ƙasar Ɗanmusa kuwa, da ke bakin dajin Rugu a jihar Katsina ta yanzu, ta zamo daga cikin wuraren da ɓarayin shanu suka fi ɗaiɗaitawa.

A zamanin nan kuma sai haƙoran suka koma cizon juna. A 2010, da aka kawo gyaran tsarin mulki da zai ba majalisun jihohi 'yancin riƙe kuɗinsu ba sai sun roƙi gwamna ba, majalisun da kansu suka kasa ba shi rinjayen da ake bukata. Ka taɓa jin bawan da aka miƙa wa takardar 'yanci ya ce a mayar? A nan gida, a watan Agusta na 2021, 'yan majalisarmu sun tsige Kakaki Abdulmumini Isma'ila Kamba da mataimakinsa, suka ɗora Muhammad Abubakar Lolo, duk a zama ɗaya. Ashe in abu ya dame su ba ya kwana. A 2025 kuma jaridu suka ruwaito cewa 'yan majalisar sun ba da gudummawar motoci 25 don yaƙin neman sake zaɓen Shugaba Tinubu da Gwamna Nasir Idris a 2027, tun saura fiye da shekara guda a kaɗa gangar zaɓen. Motoci 25, daga majalisar da aikinta shi ne ta sa wa gwamna ido, a jihar da ba a cika shekara da jana'izar Mera ba!

Gaskiya ne soja da ɗan sanda ba a ƙarƙashin majalisar jiha suke ba, kuma ba wanda ya ce Onarabul ya ɗauki bindiga ya shiga daji. Babbar Kotun Tarayya ta ayyana Lakurawa a matsayin 'yan ta'adda a watan Janairu na 2025, yaƙarsu aikin Gwamnatin Tarayya ne. Amma mutanen nan da ke bin ƙauyukan kan iyaka suna ƙirga shanun jama'a suna ɗiba da sunan wai zakka, alhali fashi ne tsagwaronsa, jangalin da aka soke ne ya dawo da bakin bindiga, ba daga sama suka sami wurin zama ba. Sun sami daji ne da hukuma ta daɗe da juya wa baya, inda makiyayi bai san gwamnati ba sai ranar da za a kama shi, manomi bai san ta ba sai ranar zaɓe. Wannan juya bayan kuwa a kasafin kuɗi ake yin sa, kasafin da ba ya zama doka sai mutum 24 ɗin nan sun amince.

Shingen ma ba ya tare komai in wuta ta yi ƙarfi. Daren Juma'a 31 ga Oktoba, 2025, 'yan bindiga suka shiga garin Bagudo suka ɗauke Mataimakin Kakakin Majalisar, Muhammad Sama'ila Bagudo, bayan sallar Isha'i, a cikin garinsu, sai bayan kimanin mako guda ya kuɓuta. Ba abin dariya ba ne, ba kuma abin a ce Allah Ya ƙara ba, Musulmi ba ya murna da musibar ɗan uwansa. Amma in har mutum na biyu a majalisa ba shi da aminci tsakanin masallaci da ƙofar gidansa, sauran 23 ɗin su shafa wa gemunsu ruwa. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Yanzu gare ku 'yan uwana matasa, don da ƙafafunku ake hawa wannan tsani. Ku ne masu liƙa fasta, ku ne masu cika bayan a-kori-kura ranar gangami, ku ne ake ba na shan mai a ce ku je ku tare taron abokin hamayya, wanda shi ma yaran da ya tara 'yan unguwarku ne. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Babur ɗin da za a ba ɗaya daga cikin ɗari a cikinku bai kai kuɗin bijimi guda a garken da aka tara a shekara huɗun ba, kuma kafin zaɓe na gaba ya zama kwaraɓaɓɓe. Tun 2018 doka ta sauko da shekarun tsayawa takarar wannan kujera daga 30 zuwa 25, wato da yawanku da ke rataye a ƙofar motarsa kun isa ku zauna inda yake zaune. Ban ce kowa ya fito takara ba, na dai faɗa ne don ku san ba wani mala'ika ne a cikin motar ba, ɗan aikenku ne.

Ɗan aike kuwa tambayarsa ake yi. Ga shi za su fara zagayowa da sabbin alkawura. In ya zo garinku, kafin maroƙi ya buɗe baki, wani ya miƙe cikin ladabi ya yi masa sallama ya ce: Ranka ya daɗe, makiyaya nawa ce a mazaɓar nan, kuma nawa ne suka rage ba a nome ba? Burtalin da ke sauka gulbi ta gabas da gari, a buɗe yake ko a toshe, in a toshe yake gonar wa ce a kai? Nawa aka sa wa allurar rigakafin dabbobi a kasafin bana, nawa aka fitar? Waɗanda aka kore wa shanu a yankin nan, ka taɓa karanta sunayensu a zauren majalisa? Shi da yake da garke ba zai ce bai gane tambayar ba.

Akwai kuma abu ɗaya da ba ya bukatar ko kwabo, ba ya bukatar Abuja, ba ya bukatar soja. Sashe na 128 da na 129 na tsarin mulkin 1999 sun ba majalisar jiha ikon yin bincike da ikon kiran kowane jami'i ya zo gabanta da takardunsa. Ɗan majalisa ɗaya tak ya isa ya miƙe ya gabatar da ƙudurin cewa ma'aikatar filaye da mai kula da dabbobi, tare da shugabannin ƙananan hukumomi 21, su kawo jerin duk makiyayu da burtaloli da mashayun jihar Kebbi, da sunan duk wanda aka yankar wa wani abu daga cikinsu tun ranar 27 ga Agusta, 1991 da aka ƙirƙiro jihar, da hekta nawa aka ba shi, da wanda ya sa hannu. A karanta a zauren majalisa, gidan rediyon jiha ya watsa da Hausa da Fulatanci da Zabarmanci da Dakarci, yadda na Kangiwa da na Kamba da na Ribah za su ji da kunnensu. Wanda ya ce shi namu ne, da sanda ya tashi, to ga ƙudurin nan ya ɗauka ya kai, mu kuma mu kasa kunne mu ji ko sunansa na cikin jerin.